Yadda Ake Nemo Tauraron Rigel a Samaniyar Jos, Har Ka Ga Shuɗinsa da Idonka

Rigel shi ne na bakwai a jerin taurarin da suka fi haske da dare, kuma idan gari ya yi garau ko daga Terminus, tsakiyar birnin Jos, ana hango shi. Nemo shi ba ya da wuya. Inda sabon shiga ke shan wahala shi ne wajen launi: an gaya masa tauraron fari ne mai ratsin shuɗi, ya ɗaga kai ya ga fari kawai, sai ya ce zance ne. Shuɗin yana nan, amma sai an zaɓi dare, an jira tauraron ya hau sama, sannan an gwada shi da maƙwabcinsa ja. Galibin abin da zan yi bayani a nan kan waɗannan ukun ne.

Kayan da za ka tanada

Idonka shi ne babban kayan aiki. Idan kana sa tabarau na likita, ka zo da shi, don mai gajeren gani taurari sukan yi masa dishi-dishi.

Rigar sanyi mai kauri, hula da safa. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma a Disamba da Janairu wanda ya zauna wuri ɗaya ba motsi na rabin awa zai ji a jikinsa. Sanyi ya fi gajimare korar mutane daga kallon taurari a garin nan. Filas ɗin shayi ba zai yi yawa ba.

Tabarma ko darduma, da abin tada kai.

Ƙaramar tocila da aka rufe bakinta da jar leda ninki biyu, aka ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Jan haske ba ya ɓata sabon da ido ya yi da duhu kamar yadda farin haske ke yi.

Waya mai manhajar taswirar sama, irin su Stellarium ko Sky Map. Ba dole ba ce, kuma na fi so ka fara nemowa da kanka kafin ka buɗe ta.

Madubin hangen nesa mai ido biyu, idan akwai. Wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa ya fi dacewa: lambar farko yawan ninkin da yake yi wa abu ce, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne da milimita. Kada ka sayi na'urar hangen taurari saboda wannan aikin. Masu arahar da ake tallatawa da alƙawarin ninki 500 ba abin da za su ƙara maka sai rawar hoto da ciwon kai.

1. Daidaita wata da sa'a

Taurari kan riga fitowarsu ta jiya da kusan minti 4 a kowane dare, wato awa 2 ke nan a wata. Da wannan lissafin kaɗai za ka iya sanin inda Rigel yake a kowane lokaci. A agogon Jos, yana kaiwa ƙololuwar tsayinsa da misalin ƙarfe 5 na asuba a farkon Oktoba, ƙarfe 3 na dare a farkon Nuwamba, ƙarfe 1 a farkon Disamba, 11 na dare a farkon Janairu, 9 a farkon Fabrairu, 7 a farkon Maris. Yakan ɓullo ta gabas kusan awa 6 kafin wannan lokacin, ya faɗi ta yamma kusan awa 6 bayansa. Ga mutanen Abuja bambancin 'yan mintuna ne kawai.

Wanda ba ya son hana kansa barci, tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu ne lokacinsa: ana idar da Isha'i tauraron ya riga ya yi sama. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli yana kusa da rana, ba a ganinsa.

Amma ni a wurina babu kamar asubar Oktoba. Ruwan ƙarshen damina ya wanke iska, ƙurar hunturu ba ta iso ba, kuma mai fita sallar Asuba zai tarar da Rigel a tsayinsa mafi kyau ba tare da ya canja komai a tsarin barcinsa ba.

2. Zaɓi daren

Abu biyu za ka duba, farin wata da hazo.

Na farko mai sauƙi ne ga mai bin kwanan watan Musulunci. Daren 13, 14 da 15 ka haƙura. Rigel zai fito, amma sama ta yi fari, ƙananan taurarin da ke kewaye da shi sun ɓace. Daga wajen 19 ga wata, farin wata ba ya fitowa sai dare ya yi nisa, don kullum yana jinkirta fitowa da kusan minti 50. Daga nan har zuwa 3 ko 4 ga sabon wata, sararin bayan Isha'i naka ne.

Hazo ya fi wuyar sha'ani. Ƙurar da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce babbar abokiyar gabar mai neman shuɗin tauraro, domin iska mai ƙura shuɗin haske take fara cinyewa ta bar ja da rawaya su wuce. Dalilin da ya sa rana ke yin ja idan za ta faɗi ke nan. Gwajin da nake yi tun da la'asar shi ne in dubi duwatsun Shere. Idan ana ganin gefensu tsaf, daren zai yi kyau. Idan sun koma inuwa mai toka-toka, ko rana ta ɓace cikin ƙura tun ba ta kai ƙasa ba, ka bar shi sai wani daren. Hazo yakan zo ya yi kwanaki ya lafa, ba ya zama daram har ƙarshen hunturu.

3. Nemi wurin tsayawa

Tsakar gida ta isa, in dai ba fitilar da ke dukan idonka kai tsaye. Ka kashe ta ƙofar ɗaki, ka sa katanga ko bishiya tsakaninka da fitilar sola ta kan titi. Daren da aka ɗauke wuta a unguwa kuwa, kafin a tayar da janareta, garaɓasa ce.

Idan kana son duhu na gaske, sai ka fita gefen gari. Mai son ganin fitowar tauraron ya nufi gabashin gari, wajen Lamingo, don hasken birni ya koma bayansa. Mai son ganinsa a sama ya yi kudu, ya wuce Bukuru zuwa wajen Vom ko Kuru, saboda Rigel ta kudu yake karkata.

A nan sai an yi hattara. Kada ka je wurin da ba ka taka shi da rana ba. Tsofaffin ramukan haƙar kuza da suka zama tafkuna suna da yawa a wannan yankin, bakinsu kuma ba ya nuna kansa cikin duhu. Ku tafi ku biyu ko uku, ku je inda kuke da ɗan gari, a sanar da mai unguwa ko 'yan sintiri tun da sauran rana. Baƙon da aka gani a dawa da tsakar dare riƙe da madubin hangen nesa yana da dogon bayani a gabansa. Idan akwai dokar hana fita, ko gari ba lafiya, tsakar gidanka ta wadatar.

4. Gane gabas ta gaskiya

Kuskuren da aka fi yi ke nan a wurinmu. Mun saba kiran alƙibla gabas, amma daga Jos alƙibla ta karkata arewa da kusan digiri 25 daga ainihin gabas, shi kuwa Rigel yana fitowa ne ɗan kudu da gabas ɗin.

Ga ma'aunin da za ka riƙa amfani da shi duk daren: miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen a sararin sama kusan digiri 10 ne, ga babba ga yaro, don mai ƙaramin hannu damtsensa ma gajere ne. To, fuskanci alƙibla, ka auna dunƙule uku da ɗan ɗoriya zuwa dama. Nan ne mafitar Rigel.

Idan manhajar waya ta nuna maka wani wuri daban, kada ka yi saurin yarda da ita. Kamfas ɗin waya yakan rikice kusa da mota, ƙofar ƙarfe ko rodin bene. Matsa gefe, ka juya wayar a iska kamar kana zana lamba 8 sau da yawa, sannan ka sake gwadawa.

5. Bar ido ya saba da duhu

Zauna, ka ajiye waya. Don ganin Rigel da launinsa minti goma ya isa. Don ƙananan abubuwan da ke kusa da shi, ido yana bukatar minti 20 zuwa 30. Duba saƙo ɗaya a fuskar waya mai haske yana mayar da kai baya. Idan dole ne, rage hasken zuwa ƙarshe ka kunna jan launi na manhajar.

6. Nemo taurari uku a jere

Kada ka fara da neman Rigel. Fara da taurari uku masu haske kusan ɗaya, a layi guda, tazararsu daidai, waɗanda yatsu biyu zuwa uku za su rufe idan ka miƙe hannu. Babu wasu ukun da suka yi kama da su a duk sararin sama. Sunayensu Mintaka, Alnilam da Alnitak, kuma su ne tsakiyar rukunin taurarin da manhaja za ta rubuta maka Orion, wanda malaman falaki na Larabawa ke kira Aljabbar.

Idan ka san Kaza da 'Ya'yanta, aiki ya yi sauƙi. Ita take riga fitowa. Daga kanta ka gangaro wajen gabas maso kudu, za ka wuce wani tauraro mai ruwan lemo, Aldebaran, ka ci gaba a kan layin sai ka faɗa kan ukun.

Hotunan da ke intanet yawanci daga Turai ko Amurka aka ɗauke su, inda rukunin ke tsaye. A nan kusa da tsakiyar duniya, idan yana fitowa a kwance yake zuwa, ukun kuma kusan a tsaye, ɗaya bisa ɗaya. Mutane da yawa suna kallonsa ba su gane shi ba saboda wannan kawai.

7. Daga ukun zuwa Rigel

Taurari biyu masu tsananin haske sun sa ukun a tsakiya, kowanne kusan dunƙule ɗaya daga na tsakiyarsu. Ɗaya ja-ja ne, shi ne Betelgeuse. Na ɗaya ɓangaren shi ne Rigel. Kullum Rigel ne na ɓangaren kudu.

Idan kana fuskantar gabas da farkon dare, Rigel yana dama kuma ya ɗan fi tsayi, jan yana hagu ƙasa-ƙasa. Idan sun hau sama, shimfiɗa tabarma ka kwanta, ƙafafu wajen kudu, kai wajen arewa. Jan zai zo kusan saitin fuskarka ta hagu, Rigel kuma ta dama, ya ɗan gangara wajen ƙafafunka. A Jos tsayinsa yana kaiwa kusan digiri 72 daga ƙasa, don haka kallonsa a tsaye wuya ce za ta biya. Idan rukunin ya juya yamma, kamar daren Afrilu, Rigel yana hagu kuma shi ke riga jan faɗuwa.

Akwai wani tauraro a ɓangaren kudun, Saiph, amma haskensa bai kama ƙafar na Rigel ba, ba za ka rikita su ba.

8. Tabbatar ba Shi'ira ka kama ba

Wannan shi ne kuskure na biyu. Idan ka bi layin ukun zuwa gabas maso kudu dunƙule biyu, za ka tarar da tauraron da ya fi kowanne haske da dare, Sirius, wato Shi'ira da aka ambata a Suratun Najmi. Yana fitowa kusan awa ɗaya da rabi bayan Rigel, shi ma fari ne, kuma idan yana ƙasa yakan yi walƙiya da launuka iri-iri har da shuɗi. Sabon shiga yana ganinsa sai ya ce ya samu. Ka tuna: Shi'ira yana kan layin ukun, Rigel yana gefen layin. Shi'ira dunƙule biyu, Rigel ɗaya.

Can ƙasa wajen kudu kuma akwai Suhailu, Canopus a manhaja, wanda daga Jos ba ya wuce dunƙule uku daga ƙasa. Duk wani abu mai haske sosai da ba ya ƙyaftawa kuwa, irin Zara ko Mushtari, duniya ce mai zagaya rana, ba abin da muke nema ba.

9. Yanzu sai launi

Jira sai Rigel ya kai aƙalla dunƙule huɗu daga ƙasa. Ƙasa da haka haskensa yana ratso iska mai kauri da ƙura, sai ya yi ta rawa yana canja launi, abin da kake gani kuma aikin iska ne.

Dube shi kai tsaye, da tsakiyar ido. Sassan ido masu gane launi a tsakiya suka taru, kuma sai da haske mai ƙarfi suke aiki, shi ya sa ƙananan taurari duk farare suke a wurinmu ko da ainihinsu ja ne ko shuɗi. Ka ɗan tsaya a kansa na daƙiƙa biyar, ka tsallaka zuwa Betelgeuse daƙiƙa biyar, ka dawo. Yi haka sau da yawa. Ido ba gwani ba ne wajen faɗin launin ɗigo ɗaya a cikin duhu, amma gwani ne wajen gane bambanci tsakanin biyu. A zagaye na uku ko na huɗu za ka ga jan ya ƙara ja, farin kuma ya ɗauki wani sanyi-sanyin shuɗi. Iyakarsa ke nan. Kada ka sa ran shuɗin da ake gani a hotunan da aka gyara da kwamfuta.

Wata dabara: idan kana da tabarau na gajeren gani, cire shi na ɗan lokaci. Tauraron zai baje ya zama ɗan faifai, launin kuma ya fi fitowa a faifai fiye da a ɗigo. Yara sukan riga manya ganin shuɗin, don gilashin idon mutum yana ɗan yin rawaya da shekaru. Idan Baba ya ce shi fari kawai yake gani, kada a yi masa musu.

Launin yana gaya maka zafi ne. Wanda ya taɓa tsayawa a maƙera ya san ƙarfe yana fara yin ja, idan aka ci gaba da zuga ya koma rawaya, sannan fari. Haka taurari suke, sai dai su suna wuce fari su kai shuɗi. Fuskar Betelgeuse tana tsakanin digiri 3,000 da 3,500 a ma'aunin Salshiyos, ta ranarmu kusan 5,500, ta Rigel kuwa kusan 12,000.

Nisansa kusan shekarar haske 860 ne, wato hasken da ke gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya sai da ya yi shekara 860 a hanya. Wanda ke shiga idonka yau ya taso ne a ƙarni na 12, fiye da shekara 150 kafin Mansa Musa ya yi hajjinsa na 1324. Shi'ira da ya fi shi haske a idonmu shekarar haske 8.6 kacal yake, kusan ninki ɗari kusa da mu. Kusanci ne ya ba shi rinjaye. Ainihin hasken Shi'ira kamar rana 25 ne, na Rigel kuwa ƙiyasin da aka fi ambata shi ne rana 120,000, faɗinsa ya haura na rana sau 70.

Kada ka dogara da ƙarfin haske wajen bambanta Rigel da Betelgeuse, domin jan yana hawa yana sauka. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairun 2020 ya dushe sosai har duniya ta ɗauka, daga baya aka gano ƙurar da ya fitar da kansa ce ta tare shi. Launi da ɓangare su ne shaida.

10. Idan akwai madubi

Jingina gwiwar hannu a katanga ko rufin mota, in ba haka ba tauraron zai yi ta tsalle. Saita shi har ya zama ɗigo, sannan ka ɗan murɗa saitin da gangan ya baje. A nan ne shuɗin ke fitowa ƙarara, har wanda ya yi gardama ɗazu ya yi shiru. Madubi ba zai ƙara wa tauraron girma ba, ko babbar na'ura ɗigo take nuna shi saboda nisa.

Tunda kana wurin, duba ƙananan taurarin da suka jeru a kudu da ukun nan, kusan rabin dunƙule daga gare su. Na tsakiyarsu ba ɗigo ba ne, wani hayaƙi-hayaƙi ne: gajimaren iskar gas da ƙura inda sababbin taurari ke samuwa, nisansa ya haura shekarar haske 1,300, manhaja tana rubuta shi M42. Shi kam da gefen ido ake kallonsa, saɓanin launi.

Mai na'urar hangen taurari ta gaske, mai faɗin gilashi milimita 100 zuwa 150, zai iya gwada raba Rigel da ƙaramin abokin tafiyarsa, wanda William Herschel ya gano a 1781. Yana manne da shi, kuma babban ya fi shi haske fiye da sau 400, don haka sai da ninki 100 ko fiye, a daren da taurari ba sa rawa sosai.

A Oktoba raɓa za ta kwanta a gilashi, a hunturu kuma ƙura. Kada ka goge da bakin riga, ƙurar tana karce gilashi. Hure ta tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi. Kuma a ja wa yara kunne kada su taɓa saita madubin ga rana, yana makantarwa nan take.

11. Hoto da waya

A hannu ba zai yiwu ba. Jingina wayar da dutse ko takalmi, bayanta yana kallon sama, ka kashe filasha. Shiga saitin da ke ba ka damar zaɓa da kanka, sa ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, tsakanin 800 da 1600, buɗewar kyamara daƙiƙa 8 zuwa 10, saitin nisa a kan mafi nisa. Kunna jinkirin daƙiƙa 3 don taɓawar yatsa kada ta girgiza hoton. Daidaiton launi ka sa shi a na hasken rana. Idan ka bar wa wayar ta zaɓa, takan rina sama duka da shuɗi, ka zo kana murnar launin da ba na tauraron ba. Ka tabbata Betelgeuse ya shiga hoton, don shi ne zai nuna cewa bambancin na gaskiya ne. Wayar da ba ta da waɗannan saitin, gwada na dare kawai, yakan kama ukun da manyan biyun.

Idan lokacin Rigel ya wuce

Daga Afrilu zuwa Yuli akwai madadinsa, Spica, shi ma fari mai ratsin shuɗi, nisansa kusan shekarar haske 250. Fuskanci arewa bayan Isha'i ka nemi manyan taurari bakwai, huɗu sun yi kusurwa huɗu, uku sun yi wutsiya mai lanƙwasa. Bi lanƙwasar wutsiyar dunƙule uku, za ka iske Arcturus mai ruwan lemo. Ci gaba a kan lanƙwasar wasu dunƙule uku zuwa kudu, mai hasken da ke zaune shi kaɗai a wurin shi ne Spica. A tsakiyar Mayu yana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na dare, a tsakiyar Yuni wajen ƙarfe 8. Arcturus ne zai tsaya maka a matsayin Betelgeuse wajen gwada launi. Damina ce, don haka ka riƙa leƙa waje awa ɗaya ko biyu bayan an ɗauke ruwan yamma, lokacin ne gajimare kan yaye, iska kuma ba ƙura ko kaɗan.